Rabin Saƙo a Kan Dutse

Saƙon da na tura wa yayana ya yanke a tsakiya, kuma babu wanda ya gane ya yanke. Innarmu ta haɗa tsohon maganin hawan jini da sabo tana sha, jiri ya kayar da ita a bakin murhu, ƙashin ƙugunta ya karye.

Ƙauyenmu yana gefen Barkiya, a ƙasar Kurfi. Na bar shi bayan 'yan bindiga sun ɗauke ni a hanyar gona. Na daɗe a daji. Na fito da ƙafa ɗaya da ba ta iya noma, na zo Dutsin-Ma, na samu aikin ɗinke bakin buhu a wajen 'yan hatsi. Aiki ne na zaune. A auna, a cika, a turo mini, in sa basilla in ɗinke. Yaya ya zauna a gida da iyalinsa da Inna. Inna ta ce a ɗakin da ta haife mu za ta mutu, kuma ba ta faɗa don a ba ta shawara ba.

A lokacin sabis ya ɗauke a yankinmu. Wasu sun ce kashe shi aka yi, wasu sun ce ƙarfen ne ya lalace babu mai zuwa gyara. Ni ban sani ba. Akwai wani dutse gabas da gari, idan mutum ya hau ya ɗaga waya sama, sabis yakan leƙo kaɗan ya koma. Kira ba ya riƙewa. Ka yi sallama, kafin a amsa maka ya tafi. Dutsen kuma ba wurin daɗewa ba ne, don wanda yake kansa ana hango shi daga bakin daji.

Akwai wani mai gyaran waya kusa da tasha a nan Dutsin-Ma, dattijo ne mai furfura a gemu, muna ce masa Injiniya. Iyayensa mutanen wajenmu ne. Shi ya sa wa mutanen ƙauyuka wata manhaja a wayoyinsu. Ya ce ba shi ya ƙirƙire ta ba, wasu ne can wata ƙasa suka yi ta, ba hoto, ba ado, ba ta buƙatar sabis mai ƙarfi. Yana da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur wadda ba a kashewa. Mu na birni mu je shagonsa mu yi magana, ya ajiye muryar a cikin kwamfutar. Na ƙauye ya hau dutse, wayarsa ta jawo muryar, ya sauko da sauri, ya saurara a gida. In yana da amsa, ya ɗauki muryarsa a gida, gobe ya hau ya tura. Ga wanda bai iya karatu ba, kamar ni da Yaya, wannan ya fi komai.

Yaya mutum ne mai magana. Saƙonsa yana farawa da sallama, ya gaishe ni, ya gaida ƙafata, ya gaida masu hatsi, ya gaida Injiniya da iyalinsa, ya ba da labarin ruwan sama da na akuyar da ta haihu. Abin da ya sa ya yi saƙon yana can kusa da ƙarshe. Bayan shi sai addu'a, sai a gaida kowa da kowa, sai sallama. Saƙonsa yakan yanke a hanya sau da yawa saboda nauyi, amma ba mu taɓa ruɗewa ba. Idan muryar Yaya ta tsaya ba a kai ga addu'a ba, har Injiniya ya san akwai saura.

Ni ba haka nake ba. In faɗi abin da ya kawo ni in tashi.

Da damina ta shigo, ciwon kan Inna ya ƙaru, Yaya ya kawo ta asibiti ranar kasuwa. Likita ya duba ta, aka ɗebi jini, aka ce a dawo a karɓi sakamako. Inna ta ce ba za ta kwana a birni ba. Kafin la'asar sun kama hanya. Ni na koma na karɓo sakamakon. Likita ya ce tsohon maganin bai dace da ita ba, ya rubuta sabo. Ya ce ɗaya da safe, tsohon kuma a daina shi gaba ɗaya, don idan aka haɗa jininta zai faɗi ƙasa. Ya sa na maimaita masa, na maimaita. Mai ba da magani ya ja layi ɗaya a jikin ledar, alamar sau ɗaya a rana. Babu alamar da ake ja wadda ke nufin a daina wancan na gida.

Na ba wani direban Kurfi maganin, shi zai ba ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi. Daga nan na wuce shagon Injiniya. Ya miƙo mini waya na ce: "Yaya, ga sabon maganin Inna nan na ba direba. Ɗaya da safe. Tsohon a daina ba ta, a zuba shi a masai. Kada a haɗa." Na miƙa masa wayarsa na koma kan buhuna.

Yaya ya hau dutse, wayarsa ta fara jawowa, sabis ya tafi. Wayar ta nuna saƙo ya iso, kamar yadda take nunawa kullum. Ya sauko ya kunna a tsakar gida. Ya ji maganar direba, ya ji ɗaya da safe, murya ta tsaya. Ya sa wayar a aljihu. Tun daga ranar matarsa take ba Inna sabon da safe tare da tsohon da ta saba sha.

Labarin faɗuwarta ya same ni ta bakin ɗan acaɓan da ya kai maganin. Da na isa ƙauye, na tarar mai ɗori ya riga ya ɗaure ta, tana kwance a tabarma, ɗakin yana warin man shanu da ganye. Na ga ledoji biyu a cikin ƙwarya kusa da kanta, duka an sha. Na ɗauki tsohon na fita da shi, na tambayi Yaya mi wannan yake yi a nan.

Ya ce maganinta ne. Na ce ai na ce a zubar. Ya ce ban ce ba. Ya ciro waya ya kunna a gaban matarsa da maƙwabta biyu da suka zo dubiya. Muryata ce, ta tsaya a kan ɗaya da safe.

"Akwai saura," na ce.

"Saura ina? Ka ce ɗaya da safe ka yi shiru. Yaushe maganarka ta taɓa wuce haka? Kai ko gaisuwar mutuwa ka je, kafin a amsa ka kai ƙofa."

Na ce wayarsa ce ta yanke. Ya ce wayarsa ta ce ya iso. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce shi ma ya ji saƙon ranar, kuma bai ji alamar yankewa ba, ya ji ni ne dai kamar kullum. Ɗayan ya ce gaskiya har ya yi tsawo a kan yadda na saba.

Inna ta yi magana daga ɗaki. Ta ce mu bar mata hayaniya a ƙofa. "Wannan tun yana ƙarami haka yake. A aike shi, ya ajiye saƙo a bakin zaure ya juya. Ranar da ya dawo daga daji, gari ya taru ana kuka, mi ya ce? Ya ce a ba shi ruwa."

Na kwashe magungunan duka na dawo da su birni. Likita ya ce a dakatar da komai na ɗan lokaci, a riƙa sanar da shi yadda take. Ya so a kawo ta a ɗauki hoton ƙashin. Na ce ba za ta zo ba. Ya ce in lallashe ta. Na ce bai san ta ba.

Daga asibiti na je wurin Injiniya na ce ya kunna mini saƙona. Ya kunna daga kwamfuta, ga shi nan cikakke har kada a haɗa. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mini bayani.

Ya ce manyan manhajoji, kafin su turo kaya, suna fara gaya wa waya girmansa. Waya ta riƙa lissafi, in bai cika ba ta san bai cika ba. Wannan tamu, don a rage mata nauyi, ba a sa mata haka ba. Waya ta tambaya, kwamfuta ta fara zubowa, in ta gama ta rufe layi. To in sabis ya tafi, shi ma layi rufewa yake yi. A wajen wayar Yaya duka ɗaya ne, layi ya rufe, kaya ya iso. Ya ce akwai wata 'yar sallama da kwamfutar take yi wa waya idan ta gama da gaske, amma wanda ya rubuta manhajar wayar bai sa ta kula da ita ba, ko an yi ko ba a yi ba ta ce an gama.

Na ce to kayan banza ne ya sa wa mutane. Ya ce kayan banzan ne kaɗai ke hawa wancan dutsen. Ya ce laifinsa shi ne ya san da wannan tun farko, ya ɗauka murya in ta yanke kunne zai gane. "Kuma kunne yana ganewa," in ji shi, "sai a kanka. Kai da kake ɗinke bakin buhun mutane tun safe, naka a buɗe kake turawa. Buhun da ba a ɗinke ba, wa zai san an ɗiba a hanya?"



Ya ce zai gyara manhajar ta riƙa nuna jar alama idan ba a yi mata waccan sallamar ba, amma sai an kawo masa kowace waya hannu da hannu, kuma wayar Yaya ƙarama ce, bai tabbata za ta ɗauka ba. Kafin nan mu gyara da baki. A farkon saƙo in faɗi yawan maganganun da ke ciki. A ƙarshe in faɗi wata kalma da ba na faɗa a tsakiya. In Yaya bai ji adadin ya cika ba, ko bai ji kalmar ba, kada ya yi aiki da saƙon.

Na ce zan riƙa cewa na gama. Ya ce a'a, ina iya cewa na gama da likita, ko na gama aiki, a yanke daidai nan. Na ce to mi zan ce. Ya ce a wurina abin da sauƙi, duk wata kalmar kirki za ta yi, tunda ba na faɗinta a ko'ina. Muka tsaya a kan "a gaida gida". Wani mai jiran cajin waya a benci ya ce a rubuta ranar.

Na aika wa Yaya tsarin ta bakin ɗan acaɓa, don ban yarda da waya ta kai shi ba. Ya karɓa da murna. Ya ce shekaru yana jiran abin da zai tilasta ni gaida shi, ashe sai da injin Nasara ya sa baki.

Tsarin ya yi aiki. Saƙo yakan zo masa da rabi, ya ji babu gaisuwa, ya koma washegari ya sake jawowa. Sau ɗaya ni ne na manta. Na faɗi maganata kan man zafi da za a shafa mata, na tashi kamar yadda na saba, Injiniya kuma yana fama da wani mai waya bai lura ba. Yaya ya yi ta hawa yana jawo saƙon, kullum yana tsayawa a wuri ɗaya. Da ya gane, ya turo mini amsa doguwa. Ya gaida kowa har masu hatsi, ya ce ni jaki ne, ya yi addu'a, ya yi sallama. Daga ranar Injiniya ba ya karɓar waya daga hannuna sai ya ji na gaida gida.

Ana nan ciwon kan Inna ya dawo. Na gaya wa likita. Ya ce a mayar da ita kan sabon maganin, amma rabin ƙwaya, kuma kada a ba ta wani jan maganin ciwon jiki da ake sayarwa a kasuwa, don yana tayar da jini. Na san akwai shi a gidan, mai ɗori yana sa a saya. Na tura maganin, na je na yi saƙo. Na ce magana uku ce. Ga magani na ba direba. Rabin ƙwaya da safe, a raba da wuƙa. Jan maganin kasuwa a daina. A gaida gida.

Yaya ya samu ta farko da guntun ta biyu. Ya san ya yanke. Ga magani a hannunsa, ga Inna tana riƙe kai, ga layi ɗaya a jikin leda, amma ya ji kalmar rabi kuma bai san rabin mene ne ba. Bai ba ta ba. Da ni ne ma ba zan ba ta ba.

Ya koma dutsen, hadari ya haɗu, sabis bai leƙo ba. Ya sake komawa, wayar ta jawo ƙasa da na farko. Hanyar Kurfi ta cika da ruwa, ɗan acaɓa bai shigo ba. Inna ta fara cewa tana ganin mutane dishi-dishi. Sai Yaya ya hau da hantsi ya ce ba zai sauko ba sai da gaisuwar. Ya tsaya a tsaye a saman dutse, hannu a sama, da farar riga. Ya daɗe. Yana nan ya ga mashina suna fitowa daga bakin daji, kowane da mutum biyu. Ya sulale ta bayan dutsen a kan duwawunsa, ya bar takalmi ɗaya a can, ya kwanta a cikin gero har suka wuce arewa. Ba ƙauyenmu suka nufa ba ranar. Wayar ta fashe a aljihunsa.

Da hanya ta buɗe, ɗan acaɓa ya zo wajen 'yan hatsi ya ce Yaya ya ce in zo. Na jira sauran. Ya ce shi ke nan abin da ya ce.

Kafin in tafi na biya ta shagon Injiniya. Ya nuna mini gyaran da ya gama, jar alama tana fitowa a wayar gwaji idan ya cire layi da gangan. Na ce yana da kyau. Na tambaye shi ko jar alamar tana kawo sauran saƙon. Ya ce a'a, tana dai gaya maka ka sake hawa. Ya ce yana neman hanyar da waya za ta ɗora daga inda ta tsaya, amma wannan manhajar ba a gina ta da haka ba, kullum daga farko take farowa. Na ce Allah ya taimaka.

Na ɗauki shatar wata tsohuwar mota daga Kurfi, muka cire kujerar baya muka shimfiɗa katifa. Na tarar da Yaya yana tafiya a karkace, bayansa duk ya kuje. Na raba ƙwaya da wuƙa na ba Inna rabi da hannuna, na kwashe jan maganin na sa a aljihu. Sannan na ce mata mota tana waje.

Ta ce motar wa. Na ce tata. Ta ce ta riga ta faɗi inda za ta mutu. Matar Yaya ta fara lallashi, ta ce birni akwai asibiti, akwai wuta, akwai kankana. Inna ta ce ita ba yarinya ba ce. Yaya ya fara magana, ya ɗauko ta tun daga rasuwar Baba, na ga zai kai la'asar.

Na ce, "Inna, maganinki sai da saƙo. Saƙo sai da dutse. Ko ki shiga mota, ko Yaya ya ci gaba da hawa."

"A bar maganin."

"Ba zai bari ba. Kin san shi. Zai ari waya ya hau."

Ta dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya ga mashina. Ashe a gida ba a gaya mata ba, a bakin 'yan dubiya ta tsinta. Ya ce 'yan kaɗan ne, kuma da nisa. Ta ce ya juya ta ga bayansa. Ya juya, ta ɗaga rigar da sandarta ta duba.

 Sannan ta ce a ɗauko mata ƙwaryarta, da tasbaharta, da tukunyar da take jiƙa tsamiya. Ta ce ɗaya ta riga ta ba daji ya dawo mata da rabin ƙafa, ba za ta ba da na biyu a kan rabin ƙwaya ba. Ta ce kada wanda ya taɓa ɗakinta, a rufe shi yadda yake. Mu huɗu muka ɗauke ta da tabarmar. A hanya, da muka shiga kwalta, ta ce direban ba shi da hankali.

An ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ce ya haɗe a karkace, a shekarunta ba za a sake karya shi ba. Tana tashi da sanda, tana kai kanta bayan gida, ba ta wuce nan. Ganinta ya dawo. Ciwon kan yana zuwa jefi-jefi.

Yaya yana ƙauye, bai sayi wata waya ba. Yana zuwa ranar kasuwa in hanya ta yi kyau, ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ba ta labarin gari gida-gida. Mutanen ƙauyen da yawa sun kawo wayoyinsu an sa musu jar alama, har yanzu suna hawa dutsen.

Ni ina Dutsin-Ma, a wajen 'yan hatsi. Na kama ɗaki biyu a bayan kasuwa, ɗaya nawa ɗaya na Inna. Da safe kafin in fita nakan raba ƙwaya in ba ta, in tsaya har ta haɗiye.